Kankare a kan tsohuwar kwalta: yadda aka yi da wani layin tireloli a Aboabo, Kumasi

Layin da ake magana a kansa bai wuce mita 200 ba, faɗinsa mita 7. Ya ɓalle daga babban titi a gefen Aboabo, ya gangara tsakanin shaguna da gidajen haya, ya ƙare a wani fili da ɗakunan ajiyar masara, wake da albasa suka kewaye. A takardar hukuma layin unguwa ne kamar kowane. A zahiri kuwa tashar sauke kaya ce. Tirelolin Tamale, Bolga da Bawku, da masu tsallako iyaka daga Burkina Faso da Nijar, nan suke shigowa su kwana biyu ko uku kafin a gama sauke su. Kowace shekara da ruwa ya ɗauke, ƙungiyar 'yan kasuwar wurin sai ta yi karo-karo a cike ramuka, wani lokaci da kwalta, wani lokaci da burji da ɓaraguzan gini. Kumasi kuwa damina biyu gare ta, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kafin ruwan Yuni ya wuce an koma gidan jiya.

Dalilin lalacewar ba ɓoyayye ba ne. Kwalta tana laushi da zafi, kuma da tsakar ranar bazara saman baƙin titi kan haura digiri 50. Motar da ke gudu ba ta cika yi mata illa ba. Tirelar da ta tsaya cak da lodinta, ko take rarrafe tana murɗa kai don ta sha kwana, ita ce ke ture kwalta gefe ta bar kwari biyu a sawun taya. Ga dizal da baƙin mai da ke ɗiga daga motocin da aka faka, suna narkar da danƙon da ya riƙe tsakuwa. Sai kuma nauyi. Ƙa'idar ƙasashen ECOWAS ita ce tan 11.5 a layin taya guda, wato tayoyin hagu da dama da ke kan sandar ƙarfe ɗaya, kuma Hukumar Manyan Hanyoyi ta Ghana na da ma'aunai a hanyar Tema zuwa Paga, amma duk wanda ya zauna a tasha ya san yadda ake lodi. Gwajin da aka yi a garin Ottawa na jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, wanda har yau lissafin injiniyoyin hanya ke jingine da shi, ya nuna cewa in aka ninka nauyi sau 2, ɓarnar da ake yi wa titi kan ninka kusan sau 16. Layin tayar da ya ɗauki tan 15 maimakon 11.5, ɓarnarsa ta kusa ninki 3.

Maganar kankare ta fito ne daga bakin wani dattijon direba da ya daɗe yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Hujjarsa guda ce, babbar hanyar Akra zuwa Tema mai kilomita 19, wadda aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah. Da kankare aka yi ta, ta kuma haura shekara 50 tana ɗaukar manyan motoci. "Alhaji," ya ce wa shugaban ƙungiya a bainar jama'a, "kuɗin da muke binnewa a ramukan nan duk shekara, da siminti muka saya da tuni mun huta." Maganar ta samu shiga, da ma tun 2017, lokacin da mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci, Dakta Mahamudu Bawumia, ya taso da batun titin kankare, zancen ya zama ruwan dare a tashoshi. Masu zuwa Najeriya ma kan dawo da labarin hanyar Obajana zuwa Kabba da kamfanin Dangote ya yi.

Sai dai abin da 'yan kasuwar ke nufi daban ne da abin da aka yi a hanyar Tema. Su so suke a kira birkiloli a kwaɓa siminti a shafa inci 2 ko 3 a kan abin da ke akwai, irin daɓen gaban shago. Irin wannan tirelar farko ce ke farfasa shi. An yi dace shugaban ya ce tunda layin na gwamnati ne, sai an nemi izinin majalisar yanki da Sashen Hanyoyin Birane, su kuma suka nemi a kawo zane mai sa hannun injiniya. Ta nan wani injiniyan hanya ɗan unguwar ya shigo, ni kuma aka ba ni kula da aikin a fili.

Aron ƙarfi daga tsohuwar kwalta

Shimfiɗa kankare a kan tsohon titi ba sabon abu ba ne. An yi shi a garin Terre Haute na jihar Indiana tun 1918. A 1991 aka gwada siririnsa a Louisville ta jihar Kentucky, mai kaurin santimita 5 da 9, a hanyar da motocin shara ke bi. Biranen Indiya irin su Bengaluru da Mumbai sun rungume shi daga baya. Iri biyu ne, kuma duk rigimar layin nan a kan bambancinsu ta tsaya.

Kankare na jure dannawa ƙwarai, amma a wajen ja ragon gaske ne, ƙarfinsa a nan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Idan taya ta hau fallen kankare, fallen kan ɗan lanƙwasa, samansa ya matse, ƙasansa ya miƙe, kuma daga ƙasan nan tsagewa ke farawa. To in aka sa kankaren ya manne da kwaltar da ke ƙarƙashinsa, su biyun sai su lanƙwasa tare a matsayin jiki ɗaya mai kauri, mafi yawan miƙewar ta sauka cikin kwalta, kankare ya samu sauƙi. Shi ya sa santimita 10 zuwa 15 ke iya ɗaukar abin da ba zai ɗauka shi kaɗai ba. Aron ƙarfi yake yi. Sharaɗin kuwa shi ne a samu wanda za a ara a wurinsa: bayan an karce saman, a bar aƙalla santimita 7.5 na kwalta mai lafiya, wadda ba ta ruɓe ba, ba ta kuma rabu falle-falle ba.

Iri na biyu bai dogara da manni ba. Ana zuba shi da kauri, sau da yawa santimita 20 ko fiye, ya tsaya da ƙafarsa, tsohon titin ya zama masa shimfiɗa kawai. In tsohon titin na kankare ne ma, da gangan ake raba su da siririyar kwalta ko wani ƙyalle mai kauri, don kada tsohuwar tsaga ta haura cikin sabon. Wannan ya fi haƙuri da lalataccen titi, ya kuma fi cin siminti.

Abin da aka tarar a ƙarƙashi

Injiniya ya ƙi faɗin ko da kimar kuɗi kafin a huda titin, abin da ya ɓata wa wasu rai, don gani suke ja musu rai yake yi. Aka yi hayar injin huda mai zagayayyen baki, aka ciro gunduwa tara daga baki zuwa ƙarshen layi, aka jera su a kan benci a ƙofar ofishin ƙungiya. A kowane rami kuma aka buga sandar gwajin ƙasa, wadda ake sakar wa guduma mai kilo 8 ana ƙirga yadda take nitsewa. Wannan jerin gunduwoyin ya yi abin da doguwar magana ba za ta yi ba. Kowa ya zo ya ɗaga ya juya, ya ga ashe layin nasu ba ciwo ɗaya ke damunsa ba.

A bakin layi, mita 40 na farko inda tireloli ke taka birki su karya kwana, ido na ganin wuri mafi muni, ga kwari ga tudu. Amma gunduwar ta fito da kaurin santimita 14, daskararriya, saboda facin shekara da shekaru ya taru a kan juna. Saman ne kawai ya gurɗe. A tsakiya, wajen mita 110, kwaltar santimita 10 ce, da 'yan tsage-tsage, burjin ƙasanta busasshe mai tauri. Can gangare, mita 50 na ƙarshe, gunduwa ba ta ma fito a dunƙule ba. Tsakuwa ce ta zubo a hannu tsirara, danƙon ya saɓule daga jikinta, ƙasa kuma jiƙaƙƙiya a tsakiyar rani, sandar gwaji na shigewa da bugu biyu-uku. Lambatun da ke gefen ya tsage a gindi, ruwan wanke-wanke da na wanka na tsiyaya ƙarƙashin titi dare da rana. Duk kwaltar da ƙungiya ta yi ta zubawa a wannan wuri, a kan taɓo take zuba ta.

Shawarar da ta fito daga nan kashi biyu ce. Baki da tsakiya, mita 150, a karce saman, santimita 5 a baki da 2.5 a tsakiya, a zuba kankare mai manni na santimita 15, da zaren roba kilo 3 zuwa 4 a kowace mita kubik don ya riƙe tsaga in ta zo. Gangare kuwa a tone shi gaba ɗaya, a gyara lambatu, a binne bututu mai huji-huji cikin tsakuwa don ya janye ruwan ƙasa, a daɓe fasasshen dutse, sannan a zuba santimita 20 da sandunan ƙarfe masu santsi a kowace mahaɗa. Jimilla kusan mita kubik 230. A kan kilo 380 na siminti a kowace mita kubik, buhu kusan 1,750 ke nan.

An kai ruwa rana a kan gangaren. Wasu na cewa ai kankare dutse ne, ruwa bai ci masa, a zuba a kai kawai. Gaskiya ne ruwa ba ya narkar da kankare, amma yana kwashe ƙasar da ke tallafe da shi. Kowace taya ta hau, fallen ya danna, ruwa ya tsarto ta mahaɗa ɗauke da laka, a hankali rami ya buɗe a ƙarƙashi, falle ya karye. Direban da ya kawo misalin hanyar Tema shi ya kashe gardamar, don ya tuna yadda wasu fallayenta suka riƙa nitsewa a mahaɗa, da yadda facin kwaltar da ake liƙa musu ke ɓallewa.

Akwai kuma masu son bulon daɓe, irin mai kaurin santimita 8 da ake gani a tashoshin mota da gidajen mai. A ganina ba shawarar banza ba ce, kuma a filin sauke kaya da ke ƙarshen layin shi zan zaɓa, don ana iya ɗaga shi a gyara famfo a mayar. Abin da ya kayar da shi a nan abu biyu ne. Sai an fasa kwaltar da gwaji ya nuna tana da sauran amfani, sannan layin gangare ne, ruwan sama kan wanke yashin da ke tsakanin bulo. Ta fuskar kuɗi kuwa kankaren ya fi sabuwar kwalta tsada a tashin farko, ba a ɓoye wa kowa ba. Ba kuma a yaudari kai da cewa siminti kayan gida ne ba. Kamfanin siminti na Ghacem, da aka kafa a 1967, niƙa yake yi a Tema da Takoradi, amma ƙonannen dutsen da ake niƙawa yawanci daga waje yake zuwa, kamar yadda kwalta ke zuwa. Duka biyun bayan dala suke bi.

Santimita 12 da rabi

An karce 2.5, za a ɗora 15, titin tsakiya zai tashi da santimita 12.5. A takarda ƙaramin abu ne. Ranar da aka kafa turaku aka ɗaura igiya a sabon tsayin, wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa ta fito daga shagonta ta tsaya tana kallon igiyar, wadda ta haura dokin ƙofarta.

"Ɗana, wannan igiyar tsayin titin ke nan?"

"Shi ne, Hajiya. Amma an karkata shi wajen lambatu, ruwansa ba zai zo miki ba."

"Na ji. To ruwan kwanon shagona fa, ta ina zai fita?"

Zanen ya yi lissafin ruwan da ke sauka a kan titi, an bar karkatar da titin ke da ita zuwa lambatun ɗaya gefen. Ruwan rufin shagunan wannan gefe kuwa da can a kan titi yake zuba ya wuce. Yanzu titin zai zama masa katanga. Injiniya ya zo ya duba, ya ce Hajiya ta yi gaskiya, aka ƙara siririyar kwata mai faɗin santimita 20 a gaban shagunan, ta gangara ta haɗe da lambatu a ƙasa. Kowane mai gida aka nemi ya biya na gabansa. Biyu suka ƙi. Bakunan da ruwa ke shiga lambatu ma duk sai da aka ɗaga su, a mahaɗar babban titi kuma aka tone zurfi aka ƙara wa kankaren kauri, don ya sauka daidai da kwalta ba tare da tudu ba. A cikin unguwa mai cunkoso irin zangunanmu, wannan lissafin tsayi ya fi na siminti wahala, kuma shi ne abin da ɗan kwangila mai gaggawa ke fara tsallakewa.

Kafin zubi an kuma binne fankon bututu a wuri uku, daga gefe zuwa gefe, don mai son jawo famfo ko waya nan gaba ya zura ba tare da ya fasa titi ba. An yi sanarwa a masallaci bayan Juma'a, an kuma yi wa wuraren alama da jan fenti.

Zubi

An tsayar da Fabrairu, lokacin da lodin kaka ya lafa, ruwa kuma bai sauko ba. Rabin faɗi ake yi, mita 3.5, a bar ɗaya rabin ga masu ƙafa da babura. Tireloli suka koma saukewa a bakin titi, 'yan dako da masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka samu kasuwa, 'yan kasuwa kuma suna ta ƙorafin ƙarin kuɗin dako.

Injin karce ya wuce ya bar saman kwalta da kaushi, layi-layi, tsakuwa a fili. Wannan kaushin shi kankare zai kama, don haka ƙura abokiyar gaba ce. An share, an hure da injin iska, aka tare wurin da igiya. Ba a jima ba iska ta kwaso ɓawon albasa daga fili ta watsa cikin layukan, wani mai aboboya ya ɗaga igiya ya bi ta kai da tayoyi masu laka, tumaki ma suka bar nasu. Sai da aka sake sharewa aka sa samari gadi. Zubin bayan isha'i ake farawa, don ƙa'ida ita ce kada zafin kwalta ya kai digiri 49, in ba haka ba za ta zuƙe ruwan kankaren tun bai kama ba. Da magariba ake yayyafa mata ruwa ta huce, amma ba a barin ko ɗan tafki ya kwanta.

Ba a yarda da kwaɓin hannu ba, motocin kwaɓa ne suka riƙa kawowa, kowace da mita kubik 6 zuwa 8. Ƙarfin da aka nema megafaskal 35 ne a ma'aunin jure dannawa, alhali daɓen ɗaki bai cika wuce 15 ko 20 ba. Irin wannan kwaɓi ƙanƙame yake, ruwansa bai kai rabin nauyin simintinsa ba, birkiloli kuma ba sa son haka don yana ba su wahalar bajewa. Kusan kowace mota sai ka ji an ce, "Masta, a ɗan sa masa ruwa mana, ya yi tauri." Direban ma hannunsa na kan tiyo. Babban aikin mai kula a irin wannan dare shi ne ya tsaya kusa da tiyon nan. Ruwan da aka ƙara zai ƙafe ya bar ƙananan ƙofofi, ƙarfi ya ragu, ƙanƙancewa ta ƙaru. In kwaɓi ya yi tauri da gaske akwai maganin sassauta shi da ake zubawa da ma'auni. Daga kowane rukuni ana cika 'yan akwatuna masu santimita 15 a kai ɗakin gwaji a murƙushe a kwana 7 da kwana 28. A Kumasi ba a rasa masana wannan fanni, ga jami'ar KNUST, ga cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI a Fumesua, ga ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Bayan injin girgiza ya fitar da iska an daidaita sama, sai a ja buroshi mai tauri a gicciye, don taya ta samu abin kamawa ranar ruwa.

Daga nan sai yanka, wanda a wurina shi ne zuciyar aikin. Kankare na ƙanƙancewa yayin da yake bushewa, kuma dole ya tsage, ba makawa. Abin da ke hannun mutum shi ne zaɓa masa wurin. Mai sayar da atamfa kan ɗan tsaga bakin yadi da almakashi kafin ya ja, yagewar ta bi inda ya nufa. Haka zarto ke yi wa kankare. Ana yanka kashi ɗaya cikin uku na kaurin, santimita 5 a nan, tsagar ta ƙarasa da kanta ta ƙasa. Siririn kankare ƙananan fallaye yake so, tsawon kowane bai wuce ninki 12 zuwa 18 na kaurinsa ba. Mita 7 aka raba huɗu, kowane falle ya zama 1.75 a kan 1.75, wanda ya sa yankan tsaye ya faɗa tsakanin sawun tayoyi biyu, ba a ƙarƙashin taya ba. Fallaye kusan 340 ke nan, yanka kusan mita 900. Lokacinsa kuma ƙunci gare shi. In an yi sauri zarto ya ɓanɓaro tsakuwa, in an makara kankare ya riga ya tsage inda ya ga dama. A zafin Kumasi abin kan faɗa tsakanin awa 6 zuwa 12 bayan zubi, ana gwadawa da ƙusa, in ta karce ba ta nitse ba to lokaci ya yi. Wanda aka zuba da ƙarfe 10 na dare, da asuba ake hawansa.

Zarto biyu aka yi haya. A zubi na biyu bel ɗin ɗaya ya tsinke bayan sallar asuba. Kafin a buɗe shaguna a Suame Magazin, kasuwar kayan gyaran mota ta Kumasi, a samo wani, rana ta take, ɗayan zarton kuma bai iya cinye aikin shi kaɗai ba. Wajen ƙarfe 11 wata tsaga ta bi ta fallaye shida a karkace, tazarar taku ɗaya daga inda aka ja alli.

Shayarwa ba ta ba da wahala ba, don kayan aikin na wurin. Tsofaffin buhunan algarara irin na koko, waɗanda ake zuba masara da albasa a ciki, su aka farke aka shimfiɗa aka riƙa jiƙawa kwana 7 ba a bari su bushe ba. A ƙarshen hunturu iska busasshiya ce, in aka bar sabon kankare a buɗe ko na 'yan awoyi samansa kan yi tsaga ƙanana. Buɗe hanya kuwa ba da ƙirgen kwana aka yi ba, duk da matsin da aka sha. A kwana 7 kankare kan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Da sakamakon gwaji ya nuna haka aka bar ƙananan motoci, tireloli sai bayan mako biyu.

Bayan damina biyu manya

Gangaren da aka fi jin tsoro shi ya fi kowane lafiya, ko tsaga ɗaya babu, lambatun kuma na aiki muddin an kwashe leda. Bakin layi ma bai lotsa ba, duk da birki da murɗa. Fallaye shidan da suka tsage a karkace suna nan, zaren roba ya riƙe tsagar ba ta buɗe ba, an cike ta da danƙo don kada ruwa ya shiga.

Inda aka samu matsala ta gaske a tsakiya ne. Akwai wani wuri mai tsawon mita kusan 8 da tireloli suka shekara suna kwana a kai, dizal ya ratsa kwaltar har ta yi laushi a hannu. Tun farko injiniya ya ce a yanke wurin a cike da kankare har ƙasa. Lokacin kuɗi ya yi ƙasa, kwamiti ya ce ai gunduwar da aka ciro kusa da nan lafiya take, a wuce. Yanzu in ka ja sarƙa a kan titin, ko'ina ƙara take yi tsaf, da ka iso nan sai sautin ya koma na fanko. Manni bai kama ba, kankaren santimita 15 na ɗaukar tirela shi kaɗai, kusurwoyin fallaye tara sun karye. Amfanin ƙananan fallaye shi ne ana iya yanke guda a ɗaga a zuba sabo ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba, sai dai kuɗin ya ninka abin da aka guda, ga kuma sake rufe rabin layi.

Gefen titin ma ya gutsure a wuri biyu inda direbobi ke sauka da taya ɗaya don su faka, abin da dakalin gefe zai hana da an yi shi. Shagunan nan biyu da masu gidansu suka ƙi biyan kwata sun sha ruwa a daminar farko, aka yi musu daga baya. Wani mai gida da ke zaune a ƙasar waje ya aiko a jawo masa famfo, mai aikin ya zo da guduma ya fasa fallaye huɗu a jere, alhali bututun da aka binne na nan mita 6 daga wurin, jan fentin ne ya goge. Tun daga nan aka sassaƙa alamar a jikin lambatu. Akwai kuma abin da ba wanda ya kawo a lissafi: da ramuka suka ɓace, masu aboboya da pragya (keken fasinja mai ƙafa uku) da babura suka mai da layin filin tsere, ga makarantar allo a tsakiyarsa. Iyaye suka taso, aka zuba tudun rage gudu biyu.

Mutanen layin da ke bayan wannan sun ga abin ya yi kyau, suka zo suna son irinsa. Aka huda musu a wuri huɗu. Abin da ya fito bai kai santimita 2 ba, feshin kwalta ne da aka watsa wa tsakuwa a kan burji, irin wanda aka yi wa galibin layukan zango. Babu abin da siririn kankare zai manne da shi a nan, ballantana ya ari ƙarfi. Injiniya ya gaya musu ko dai cikakken kankare na santimita 20 a kan daɓen dutse, ko bulo, tunda nasu layin shimfiɗaɗɗe ne kuma tirela ba ta cika shiga ba. Ko wanne suka zaɓa, sai sun fara gina lambatu, don ba su da shi ko a gefe ɗaya. Karo-karon lambatun suke yi yanzu, gida-gida, ana kai wa limamin unguwa ajiya.